Tambaya kan ƙarar RICO a Amurka: a ina asarata ta auku?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shari'ar Amurka. Sana'ata shigo da motoci Kano, kuma na tura kuɗi ta banki zuwa asusun wani kamfani a jihar Texas, wanda ya riƙa aiko mini da takardun lodin jirgi na jabu ta imel, alhali ko mota ɗaya ba ta sauka a tashar Legas ba. Daga baya na gano wasu 'yan kasuwa ma haka aka yi musu.

Lauyana ya shigar da ƙara a kotun tarayya ƙarƙashin dokar RICO ta 1970 (dokar yaƙi da gungun masu aikata laifuka irin su damfara), sashe na 1964(c), wanda ya ba duk wanda aka cuta a kasuwancinsa ko dukiyarsa damar neman ninki uku na asararsa da ladan lauya. Mun gabatar da rasit da saƙonnin duka, amma alƙali ya kori ƙarar tare da ba mu damar gyara ta, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 a shari'ar RJR Nabisco cewa dole cutar ta auku cikin Amurka. A ganinsa tawa a Kano ta auku, wanda ban gamsu da shi ba, domin a Texas aka shirya damfarar, a can kuɗin suka narke.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 a shari'ar Yegiazaryan da Smagin ya ce a duba yanayin lamarin gaba ɗaya, ba mazaunin mai ƙara kaɗai ba. Shin shigar kuɗina asusun Texas da aikata yaudarar daga can sun isa a ɗauki asarata a matsayin wadda ta auku cikin Amurka?