Buɗe-bakinmu da Kiristoci: in saka addu'ar Gaza ko in cire?

Abu Hafsat, Kaduna: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin zaman lafiya na unguwarmu, Musulmi bakwai Kirista bakwai, tun bayan rikicin zaɓen 2011. Kowace shekara muna buɗe-baki tare a goman ƙarshe, mu kuma mu je musu gaisuwar Kirsimeti. Bana ma azumin ya haɗu da nasu. To tunda aka koma ruwan bama-bamai a Gaza ranar 18 ga Maris 2025, matasanmu suka dage sai an yi addu'ar minti biyar an zagaya da kwano. Fasto, mataimakin shugaba, ya ja ni gefe cikin mutunci ya ce in aka ambaci Falasɗinu rabin mutanensa za su tashi, domin duk Lahadi suna addu'ar salamar Urushalima, wasunsu har sun je ziyara can. Ranar Asabar zan kai tsarin taro wurin mai bugawa. Ba wai ina tambayar wa ke da gaskiya ba ne, na san inda zuciyata take. Wanda ya taɓa zama a irin kujerata ya gaya min abin da ya yi da abin da ya biyo baya.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Wanda kisan jarirai bai dame shi ba, zaman me za ka yi da shi? Ku fice daga kwamitin kawai.

Ummu Sadik: Najeriya fa ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988. Meye abin ɓoyewa?

Na Bakin Tasha: Malam ka kawo kunun gyaɗa da ƙosai mai zafi, ka ga ko akwai mai tashi 😂

Baba na Gangare, Jos: Abu Hafsat, ɗana, saurare ni. A rikicin Nuwamban 2008 wani dattijon coci ne ya ɓoye matata da 'ya'yana uku a ɗakin ajiyarsa kwana biyu. A Janairun 2010 ni na raka ƙanensa har ya tsallake unguwarmu. Da ni da shi muka tara mutane aka kafa kwamiti, shekara goma sha uku muna shiga tsakani, ko akuya ta ɓata mu ake kira. A Nuwamban 2023 na sa tutar Falasɗinu a hoton WhatsApp ɗina, ban ce wa kowa uffan ba. Washegari ɗansa, yaron da na goya, ya sa tutar Isra'ila a zauren WhatsApp na kwamitin. Wani namu ya jefo bidiyon asibiti, wani nasu ya jefo na harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoba 2023, kafin la'asar an fara tono gawarwakin Jos ana lissafi. Da dare aka cire ni daga zauren, wai ni na kunno wutar. Abokina bai kira ni ba. Da na aurar da autata na kai masa goro da hannuna, bai zo ba, bai aiko ba. Wallahi wannan ya fi cire ni daga zauren zafi.

Ummu Sadik: Allah sarki Baba. Allah ya huci zuciyarka.

Yakubu, Wusasa: Baba sannu, labarinka ya taɓa ni. Ni Kirista ne, Bahaushe gaba da baya. Malam Abu Hafsat, da yawa cikin mutanenmu ba su san akwai Kiristoci a Gaza ba. Cocin Saint Porphyrius, ɗaya daga cikin tsofaffin cocin duniya, an kai hari harabarsa ranar 19 ga Oktoba 2023, mutum 18 suka mutu. A Disambar shekarar aka harbe uwa da 'yarta a harabar cocin Katolika na Holy Family, cocin da Fafaroma Francis ya riƙa kira a waya kusan kowane dare. Asibitin Al-Ahli na Angilika ne. 'Yar jaridar nan Shireen Abu Akleh da aka kashe a Jenin a 2022 Kirista ce. Ka zauna da Fasto ka nuna masa waɗannan kafin Asabar. Amma ka shirya, zai tambaye ka mutum kusan 1,200 da aka kashe ranar 7 ga Oktoba da waɗanda aka yi garkuwa da su. Zai kuma ce ina addu'arku lokacin kashe-kashen Bokkos ta jihar Filato a jajiberin Kirsimetin 2023. In ba za ka iya ambatar su da bakinka a wurin ba, kada ka fara. Ni da na faɗi wannan a taron matasan cocinmu, sai da aka tambaye ni ko na musulunta ne.

Ɗan Fagge: Yanzu Kirista ne zai koya mana yadda za mu yi wa 'yan'uwanmu addu'a?

Abu Hafsat: Ɗan Fagge, don Allah. Da Kiristoci zan zauna ranar, ba da kai ba. Malam Yakubu na gode, wannan ita ce amsa ta farko da ta taɓa tambayata.

Baba na Gangare: Yakubu, duk wannan na faɗa musu. Cocin ma na tura hotonsa. Suka ce ƙarya ce ta Larabawa. Zuciya in ta rufe, hujja ba ta da ƙofar shiga.

Maman Khalil, Manchester: Mu nan da matan Yahudawa muke zama, muna tara abinci ga marasa ƙarfi. Bayan 7 ga Oktoba zaurenmu ya yi tsit har wata biyu. Daga baya muka zauna a rufe, mu tara, ba waya ba hoto. Wata ta yi kukan danginta a Isra'ila, wata Bafalasɗiniya ta karanto sunayen nata. Uku sun tafi ba su dawo ba, saura muna nan. Shawarata kada taron jama'a ya zama wurin fara maganar. Ku fara a ɗaki. Babbar ƙungiyar addinai ta ƙasar nan ma, Inter Faith Network, da aka kafa tun 1987, ta rufe a 2024 bayan gwamnati ta yanke mata tallafi saboda ɗan Muslim Council of Britain, wato majalisar ƙungiyoyin Musulmin Birtaniya, da ke cikin amintattunta.

Ɗan Fagge: Hajiya, Ingila daban Kaduna daban. Can in an ɓata a daina gaisawa, nan a ƙone gida.

Maman Khalil: A Tudun Wada aka haife ni, ina gida a rikicin 2000. Kai kana Kano kake ce masa ya fice, wa zai kwana a unguwar?

Malam Tela: Ku raba abin biyu. Buɗe-baki ya tafi yadda aka saba, addu'ar Gaza a yi ta a masallaci bayan tarawihi, a gayyaci Fasto in ya ga dama. Rumfa biyu da kujera ɗari, dubu goma sha biyar ta isa.

Ummu Sadik: A ina? Makon jiya na biya dubu ashirin da takwas a sunan jikata, ban da kuɗin mota.

Malam Tela: An cuce ki, Hajiya. Rumfa dubu huɗu ce.

Na Bakin Tasha: Rumfar Malam Tela in iska ta zo sai a Zariya za a tsince ta.

Baba na Gangare: Raba taro shi ne mafarin rabuwa. Mu ma haka muka fara, taro biyu, yanzu ko ɗaya babu.

Auwalu Rigasa: Ni kwanon nan ne ya tsaya min. Kuɗin ina za su? Ranar 2 ga Maris 2025 aka toshe shigar kaya Gaza. Bara a masallacinmu an tara, aka ce an ba wani zai tura, har yau ko rasit ba mu gani ba. Da na tambaya aka ce ina zargin malamai.

Ummu Sadik: Mu ma haka. Sarƙata na sayar.

Yakubu: Ku zo ku ga na kuɗin ziyara a wajenmu, kukan ɗaya ne.

Auwalu Rigasa: Kuma Tudun Biri fa? Nan Igabi, jirgin soja ya kashe mutum sama da 80 a wurin Mauludi a Disambar 2023. Nawa unguwarku ta tara musu, Abu Hafsat?

Abu Hafsat: Mun kai buhu huɗu na masara, kuma biyu daga cocin Faston suka fito. Shi ya sa abin yake min nauyi. Jama'a, Asabar fa ta kusa.

Auwalu Rigasa: Hajiya Ummu Sadik, wanda ya karɓi kuɗin sarƙar, ya ba ki takarda? Ki duba, in akwai lambar asusu a jiki mu gwada da tamu.