Ciyawar giwa da dolik a rabin fadama: wa ya taɓa yi da hannunsa?

Mai Turke, Tibiri: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƴar fadama bakin gulbi, da rijiya da injin ban ruwa. Raguna 6 nake turkewa, ga jajayen awaki 4 na mai ɗaki. Kowace shekara, daga watan Maris, kuɗin harawa ke cinye ribar. Bana ina so in raba fadamar biyu: rabi tumatir kamar kullum, rabi in dasa ciyawar giwa (doguwar ciyawa mai kara da ake nomawa don dabbobi), in zuba dolik (wani dangin wake na abincin dabbobi) ko wake tsakanin layuka, in riƙa yanka ina kai musu. Rabin zai riƙe bisashe 10 har ruwa ya sauka? Wanda ya gwada ya gaya mini.

Ɗan Gidan Runji: Ka sayi dusa da tunkuza tun kaka ka ajiye, ka huta.

Baba na Jiratawa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ciyawar tana yi, amma mai cin taki ce da ruwa. Kara ake dasawa mai gaɓa 3, biyu cikin ƙasa, ɗaya waje. Ka yanka duk bayan kwana 45 zuwa 60, ka bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa don ta sake tofo. In ta wuce kanka ta zama kara, rago sai ya shinshina ya juya. Dolik ɗin ka ba shi fili, in ba haka ba inuwa ta kashe shi. Kuma kada ka zuba musu ɗanyensa da raɓa cikin yunwa, kumburin ciki ne. Ka bari ya sha iska, ka haɗa.

Na Madarunfa: Malam, ni na yi, kuma har yau ban gama biyan bashin ba. A 2023 na dasa, na ci bashin inji. Yanka na farko har maƙwabta suna zuwa kallo, ganye kore shar. Sai Najeriya ta cire tallafin mai, kwalbar da muke saye bakin hanya ta yi tsalle. Na koma ban ruwa sau ɗaya a mako. Watan Afrilu na 2024 rijiya ta ja baya, inji yana tari yana tsotson laka. Duk da haka na daure. Wata asuba na zo na tarar da shingen ƙaya a kwance, kashin shanu ko'ina, ko tsinke ba su bar mini ba, dolik ɗin har saiwa suka tumɓuke. Cikin rani in naka kaɗai ne kore, duk dabbar da ke yankin ta san hanyar gonarka. Na kai ƙara, aka ce ai an riga an saki gonaki don kiwo, ina shaida? Raguna biyu na sayar kafin layya, a rame.

Mai Turke: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri. To amma yawan da rabin fadama zai bayar fa?

Inna mai awaki, unguwar Zariya a Maraɗi: Amin. Ni dai ban ga abin wahala ba. Ɗaurin harawar wake dala 100 (sefa 500) na saya da kaka, na jibge bisa soro, ina haɗawa da ƴaƴan gawo.

Ɗan Gidan Runji: Dala 100 ina, Inna? Jikka guda na biya, ɗaurin ma kamar tsintsiya.

Inna mai awaki: Kai da azumi ka saya, ɗan nan. Ni da kaka na ce.

Ɗalibin noma: Gaskiyar Baba ce. Dangin wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu, ganyensu kuma shi ke sa nama, ciyawa zalla cika ciki take. Ka leƙa INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna kusa da Maraɗi ka tambayi iri.

Na Madarunfa: Yaro, ka taɓa kwana a gona kana gadin ciyawa? Mai tambaya cewa ya yi wanda ya yi da hannunsa.

Ɗalibin noma: Kawu, shanu ne suka ci taka, ba ciyawar ce ta ƙi ba.

Sarkin Raha: Ni tunda na ji sunanta na fasa. Abincin giwa ka ba rago, ranar layya wa zai kayar da shi?

Baba na Jiratawa: Ku bar yaron, karatu da hannu ba gaba suke ba. Amma ku tambayi kanku me ya kawo shanun fadama. Makiyayar da muka sani tun muna yara garmani ya mamaye ta, dabba ba ta cinsa. Burtali kuma kowa ya ɗan ci taki biyu ya shuka hatsi.

Makiyayi, Dakoro: Allah ya saka, Baba. Ga kuma masu amalanke. Tun kafin sanyi ya fita suke share ciyawar daji da manjagara, su kai birni su tara, sai rani ya yi tsanani su fito da ita. Mu da ke dajin mu koma muna sayen abin da aka kwashe gaban idonmu.

Inna mai awaki: To mu na gari da me za mu ciyar da namu? Ban da harawar da na ajiye, ciyawa kowace safiya wajen mai amalanken nan nake saye.