Abin da aka tsayar kan mazubin man shanu na katako

Jama'a, na tattaro shawarwarin da aka ba 'yar'uwarmu ta Jos wadda man shanu ke liƙe mata a mazubi.

1. Kusan kowa ya yarda ruwa ne maganin. A wanke sabon mazubi da ruwan zafi, a goge cikinsa da gishiri, har lungun zanen, sannan a jiƙa shi a ruwan sanyi kamar minti 30. Katako idan ya sha ruwa ya ƙoshi, maiƙo ba ya samun wurin kamawa. Kada a tsane shi, a zuba man yana jiƙe. Na gwada jiya, curin ya faɗo sumul da zanen furensa.

2. Man ya kasance mai taushi, a danna da cokali, a sa a firij ya daskare kafin a kife. 'Yan Abuja sun ce a zafin Maris dole sai da ƙanƙara a ruwan jiƙon.

3. A kan batun shafa wa mazubin mai aka rabu. Wasu na shafa man gyaɗa, wasu suka ce idan ya daɗe a katako wari yake yi, ya ɓata man shanun. Ni ina bayan na biyun.

4. Wanke mazubin da sabulu ma an yi saɓani, amma masu hanawa sun fi yawa.

5. Bayan an gama amfani da mazubin, a shanya shi a inuwa. Rana da iskar hunturu suna tsaga katako.