Ajina na Turanci ya rabu gida uku, na rasa yadda zan haɗa su

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 74, darasi kuwa minti 40 ne. Sati uku ke nan muna kan aikatau masu sauya siffa idan ana maganar abin da ya wuce, irin su go da went, eat da ate, amma har yau mun ƙi gaba.

Na fara da bita da baki, ina faɗa suna amsawa. Waɗanda suka saba da hadda a islamiyya cikin kwana biyu suka haddace, amma da na ce a rubuta jimla sai ga "I goed to market". Na koma zana jadawali a allo da hotuna a kwali. 'Yan matan layin gaba suka gane sarai, littafinsu ba kuskure, sai dai ba mai buɗe baki ta yi magana. Akwai kuma samarin bayan aji da ba sa ganewa sai an tashi an yi abu a aikace. Saboda su na shirya ɗan wasan kwaikwayo na ciniki a kasuwa. Jan benci kaɗai ya cinye minti 15, hayaniya ta sa malamin ajin da ke kusa ya leƙo, rabin yaran kuma da Hausa suka yi ta cinikinsu.

Abin na damuna ƙwarai, ga jarrabawar ƙarshen zango saura sati huɗu.

Wane aiki guda kuka taɓa gwadawa a babban aji, wanda ya haɗa sauraro da rubutu da motsa jiki cikin minti 40, ba tare da an ja benci ba? Na gode.