Ta yaya ake hira da iyalin mashayin da ke jinyar ajali?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Ina shirin bincike a Zuru da Birnin Kebbi kan yadda iyali ke jinyar magidancin da giya ta lalata wa hanta, har zuwa cikawarsa. Ta ina zan fara, kuma da wa zan yi magana?

Malamar jami'a:
Wa'alaikumus salam. Takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike, masu tabbatar da bincike bai cutar da mutane ba, tukuna, sannan mai unguwa. Amma wuraren nan biyu ba ɗaya ba ne. A ƙauyukan Zuru ana dafa burkutu da dawa, mutum zai iya faɗa maka ƙwarya nawa yake sha bai ji nauyi ba. A Birnin Kebbi kuwa, tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, Musulmin da aka kama da sha bulala ce hukuncinsa. Saboda haka kada suna ko unguwa su shiga rikodarka.

Kada ka ce "yana sha?" Ka ce "yaushe ciwon ya fara, me kuka fara gani?" Matarsa ce ke wanke shi, tana juya shi, ita ta san komai, amma gidan ba shiga ne. Nemi mace ta yi hirar, kuma ba a gaban uwar miji ko kishiya ba, don a nan amsa ɗaya ce: "Jiki da sauƙi."

Nas:
Ƙanena, ka san abin da za ka gani. Ido ya yi shawara, ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, wani lokaci aman jini. In ya fara sambatu, yana barcin rana da idon dare, dafin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau kai. Mai wannan hali ba ya iya ba da izinin hira, ka bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne iyali su yanke masa giya dare ɗaya don ya tuba. Niyya mai kyau, amma cikin awa 6 zuwa 24 makyarkyata ke farawa, farfaɗiya na iya biyo baya, bayan kwana 2 zuwa 3 ana iya shiga ruɗewa mai iya kisa. A asibiti ake yaye shi. In kuma ka ga ana ba shi maganin rage zafin ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, ka yi magana, suna jawo zubar jini da ciwon ƙoda.

Likita:
Ba kowace hanta ce giya ta ci ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, sai an yi gwaji. In mara lafiya ya rasu, je ka yi ta'aziyya ba tare da littafi ba. Matar Musulmi tana takaba wata 4 da kwana 10, hira sai ta fita.