Kwikwiyona yana cizon yara, in ɗaure shi ne?

Mai tambaya, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Sau biyu aka tsallako mana katanga a bana, aka kwashe batirin mota da injin ruwa, shi ya sa na sayi kwikwiyo, jinin Boerboel, irin manyan karnukan nan, don gadi. Hajiya ba ta so ba tun farko, sai da na yi mata alkawarin ba zai taka ɗaki ba. Yau sati uku ke nan. Yana kama ƙafar yara, yana fitsari kusa da wurin alwala, da dare kuma kuka har asuba. In ɗaure shi ne har ya girma ya yi hankali?

Wani daga Asawase:
Sa shi a keji, kada ya ga kowa sai mai ba shi abinci. Karen da ya saba da mutane ba ya gadi.

Malam na Tafo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi satinsa nawa ba, kuma nan maganar take. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi. Wanda aka kulle a wannan lokacin matsoraci yake tashi, matsoracin kare kuwa ba ya bambanta ɓarawo da almajiri. Wannan jinin yana iya wuce kilo 60, yanzu ne kake da ikonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Fitsari: zaɓi lungu ɗaya nesa da wurin alwala. Kai shi can da ya farka, da bayan wasa, da minti goma bayan cin abinci. Da ya gama, a take ka ba shi ɗan guntun nama. In ka jinkirta ba zai san ladan me ba ne. Ɗan wata biyu ba ya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu.

Cizo: haƙori ya taɓa fata, a tsaya cik, a juya masa baya, sannan a miƙa masa igiya mai kauri ya tauna. Yara su daina gudu da ihu, wasa yake ɗauka. Koya masa "zo" da "zauna", minti biyar sau uku a rana, kowa a gidan da kalma ɗaya.

Mai tambaya:
Satinsa tara, Malam. Mai sayarwa ya ce an yaye shi. Ni dai in na ɗan taɓa shi da silifa yana bari, ban ga laifin hakan ba.

Malam na Tafo:
Ashe yana sati shida aka raba shi da uwa, bai kamata ba kafin sati 8. A wasa da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo, kukan daren ma kewa ce. Silifa na hana shi a gabanka ne kawai, yaran fa?

Wata daga Sawaba:
Masu sayarwar nan ne abin haushi, su miƙa wa mutum kwikwiyo ba katin allura, sati ɗaya ya fara amai da zawon jini. Yaya, kada ya taka waje sai ya gama riga-kafi: duk sati uku zuwa huɗu har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma a wata uku. Maganin tsutsa duk sati biyu har sati 12. Kada a ba shi albasa da dafaffen ƙashin kaza. In ya huda fatar yaro, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti.

Malam na Tafo:
Gaskiya ne, 'yar uwa, amma in aka jira sati 16 lokacin sabo ya wuce. Baƙi su zo gida su gan shi, a kuma riƙe shi a hannu a ƙofar gida ya ji ƙarar babur da kiran salla.

Wani daga Asawase:
Haka za ku mai da shi mage.

Mai tambaya:
Na gode. Amma shago nake wuni a kasuwar Kejetia, Hajiya kuma ba za ta taɓa shi ba. Wa zai riƙa fitar da shi duk awa biyu? Sarƙar dai nake gani tukuna.