Neman taimako: me za mu kira greenhouse da Hausa kafin Laraba?

Mai Shirin Noma: Assalamu alaikum malamai da manoma. Shirina zai fita Laraba da dare, kuma gobe da azahar zan miƙa rubutun. Hira ce da wasu mata da miji a arewacin Ingila da suka sayi gida mai fili a baya, suka fara lambu. A watan Maris suka kafa greenhouse, wato rufaffen wuri mai shigar da hasken rana da ke kare tsiro daga sanyi, suka yafa irin tumatir da tattasai a ciki, don can ba a fitar da dashe waje sai wajen ƙarshen Mayu, bayan sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce. Sun kuma dasa tuffa da strawberry a jikin katanga. Kalmar greenhouse ta cika hirar. Me zan ce wanda manomin Ɗambatta zai gane daga ji ɗaya?

Bazazzagiya: Wa alaikumus salam. Gidan gilashi, Yaya. Gajere ne, kowa zai riƙe.

Ɗan Kadawa: Hajiya, akasarinsu ba gilashi ba ne. Ko a Almeriya ta ƙasar Sifen, inda suka rufe fiye da hekta 30,000, leda ce aka ɗaura a kan ƙarfe. Gilashin sai irin su Holan. Kuma mai bin ƙwallo in ya ji gidan gilashi, ofishin hukumar ƙwallo na Abuja zai faɗo masa a rai.

Ɗalibi: Koren gida fa?

Malam Mai Nahawu: Ɗana, wannan ba fassara ba ce, kwashe ce. Ginin ba kore ba ne, abin da ke ciki ne kore. Hausa tana da hanyarta ta sunan wuri: karanta, makaranta, rina, marina, jeme, majema. Aikin ɗakin nan shi ne hasken rana ya shiga, ƙasa da iskar ciki su yi ɗumi, rufin ya hana ɗumin fita. To daga ɗumama sai maɗumama. Kalma ɗaya, tamu ce tun daga tushe, jam'inta maɗumamai. Da ita nake koyar da ɗalibaina.

Bazazzagiya: Allah ya gafarta Malam, ni dai da na karanta maɗumama, tukunyar ɗumamen tuwon safe na gani. Matan da ke sauraron shirin ma ita za su gani.

Ɗan Kadawa: Malam, ku yi haƙuri, matsalar ta wuce tuwo. Mu nan ba ɗumi muke nema ba, gudunsa muke yi. A Afrilu zafi na kai 40 a Kano, tumatir kuwa da zafi ya haura 35 sai ya fara zubar da fure. Greenhouse ɗin da na yi aiki a cikinsa, leda ce a sama, raga a gefe, ƙofa biyu a jere don kada ƙwaro ya bi mutum ciki. Abin da ake karewa ruwan damina ne da ke ruɓar da tumatir, da farin ƙuda, da tsutsar Sharon da ta cinye mana gonaki a 2016. Mu a tsakaninmu gidan sauron tumatir muke cewa. In aka ce maɗumama, manomi zai ce me zai yi da ita a wannan rana.

Malam Mai Nahawu: Shirin a kan Ingila ne, ba Kadawa ba. Kuma abin da ke damuna ke nan. Duk sanda aka gina kalma da kayan gida sai a yi mata dariya, amma in aka ce girinhawus kowa ya gyaɗa kai, wai ya waye. Haka harshe ke lalacewa a hannun masu shi.

Ɗan Damagaram: Malam, masu shi su wa? Ana nan ana ta lambu, lambu, mu garka muke cewa, ba wanda ya tambaye mu. Malaman gona a nan da faransanci suka koyi abin, serre suke cewa. Girinhawus bai taɓa shiga kunnenmu ba. Rediyon nan ana kama shi har Maraɗi da Zinder, amma kullum a Kano ake yanke magana a aiko mana.

Ɗalibi: Amma Malam, tumatir da gilashi da leda ai duk aro ne, kuma babu wanda ya ce Hausa ta lalace.

Malam Mai Nahawu: Waɗancan sun shigo lokacin da babu mai tsaron ƙofa. Yanzu ana nazarin Hausa a jami'o'i daga Kano har Yamai. Aro da uzuri daban, aro da lalaci daban.

Mai Shirin Noma: Don Allah malamai, lokaci.

Hajiya daga Manchesta: Ɗan uwa, ina da ƙaramin greenhouse a filin bayan gidana, bari in faɗa maka yadda yake. Da safe za ka tarar ruwa ya taru a jikin rufin yana ɗiga, sai ka buɗe taga don kada ganye ya yi fumfuna. Da yamma ka rufe, in dare zai yi sanyi ka lulluɓe tiren irin da mayafi. Ɗaki ne sosai, da ƙofa da taga da kanta, don haka ni ɗakin shuka nake ce wa 'ya'yana. Sannan ka kula da wani abu da bai shiga tambayarka ba. Kada ka ce sun yi shukar da bazara, ko da gidajen rediyo sun saba faɗin haka. Bazararmu gumi ce da jiran hadari. A nan Maris da rigar sanyi ake fita. Ka ce bayan hunturu, lokacin da itatuwa ke toho. Tuffar ma ana sayenta ne sanda ba ganye, saiwarta tsirara, a dasa tsakanin Nuwamba da Maris tana barci. Ita ba ta shiga ɗakin, sanyin take buƙata kafin ta yi fure.

Bazazzagiya: To a ce ɗakin renon shuka, ya fi daɗin ji.

Ɗan Kadawa: Reno na iri ne kafin dashe. Tumatir yakan zauna a ciki har a gama tsinka. A bar shi ɗakin shuka kawai.

Ɗan Damagaram: Wannan za a gane shi a wajenmu. Amma a ambaci garka ko sau ɗaya ne.

Malam Mai Nahawu: Ɗakin shuka bayani ne, ba suna ba. Rumbun ajiye iri ma wani zai kira shi haka. Gobe in aka zo fassara iskar da ke ɗumama duniya, wadda daga wannan kalma Bature ya samo sunanta, za ku dawo neman maɗumama. Ban gamsu ba. Amma tunda gobe ne, yi abin da ya sawwaƙa, a ajina dai ba zan canza ba.

Mai Shirin Noma: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan yi: farkon ambato in ce ɗakin shuka na leda ko gilashi, wanda Turawa ke kira greenhouse, daga nan ɗakin shuka kawai. Zan ce lambu ko garka a gabatarwa, kuma na cire bazara. Malam, zan ambaci maɗumama a ƙarshe in nemi ra'ayin masu sauraro. Saura strawberry.

Ɗan Kadawa: Masu kawo shi daga Jos sitiroberi suke cewa, masu saye ma haka.

Malam Mai Nahawu: Wannan ma akwai magana. Ka bari in idar da la'asar.